Aljanar Faifan Mikail

A gidan suna na fara jin maganar, nan Shahuci. Wai sabon faifan da Mikail ya fitar akwai kukan aljana a ciki, wai wata mai ciki ta saurara ta kwana tana amai. Na tambayi mai ba da labarin ko ta ji faifan da kunnenta. Ta ce Allah ya kiyaye. Duk matan ɗakin babu wadda ta ji.

Mikail ɗan ƙanena ne, Alhaji Ilu na Dukawuya. Yana busa saksofon, ƙahon nan na Turawa mai lanƙwasa, shi da abokansa suna wani irin kiɗan jaz da ba a tsara shi, kowa ya bi abin da kunnensa ya ba shi. Da ma uban nasa haƙuri kawai yake yi. Da zancen aljana ya iso masa, sai ya ce ranar Asabar zai miƙa ƙahon ga 'yan gwangwan na Ƙofar Wambai, masu sayen tsoffin ƙarafa.

Na aika yaron ya zo, na ce ya kunna mini.

"Gwaggo, ba irin naki ba ne fa."

"Na koyar da 'yan aji ɗaya rabin rayuwata. Wace hayaniya ce za ka nuna mini?"

Ya kunna. Da farko kamar agwagi sun shiga shagon maƙeri. Can sai kalangu ya tsoma baki, ƙahon ya ba shi amsa, suka kama gardama, na tsinci ƙafata tana motsi ba da izinina ba. Sai komai ya yi tsit, wani kuka ya taso, siriri, dogo, ya ƙare da shessheƙa biyu. Na ce ya maimaita. A karo na gaba dariya ce ta ƙwace mini, don na san wannan baiwar Allah tun ina goyo.

"Ja'iri! Me ya hana ka faɗa wa babanka?"

"Ya ce kar in ƙara yi masa maganar. Kuma Gwaggo, tun da aka ce aljana ce masu saurare suka ƙaru."

"To su za su fanso maka ƙahon?"

Da hantsin Asabar muka tarar da Ilu a zaure, ƙahon na gefensa cikin buhun shinkafa.

"Yaya, in roƙo kika zo, na riga na yanke."

"Ni in roƙe ka? Ni da na yi maka tsarki? Zauna ka ji."

Ya zauna yana ta a'uziyya, Mikail ya kunna faifan. Da kukan ya taso ya damƙe carbinsa. Na ce, "Alhaji, tashi ka rufe mana ƙofa, kar maƙwabta su ji." Ya zabura ya tura ƙyauren. Ƙyaure ya ja kukansa, siriri, dogo, ya ƙare da shessheƙa biyu.

Ilu ya tsaya riƙe da sakata. Ya buɗe. Ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Kai! Ƙofar tawa ka ɗauka?"

"Ita ce, Baba. Jan ta kawai na ɗan yi a kwamfuta."

"Kuma har Turawa sun ji?"

"Har Japan."

Ya yi dariya sai da hularsa ta faɗi. Ya tura buhun da ƙafa. "Ɗauki tsiyarka. Busa mu ji, ni zan riƙe ƙofar." Mikail ya busa, uban yana kaɗa ƙyaure yana ba shi amsa, masu wucewa suka yi cirko-cirko.

Babu aljana a faifan. Ƙyauren zauren gidanmu ne, wanda tun zamanin mahaifinmu aka hana a sa masa mai, don maigida ya riƙa jin mai shiga da mai fita.