Ƙanƙarar Malama Sadiqa

Motar hayar ta yi tari sau biyu ta mutu, an ɗan wuce Dambatta, rana kuwa kamar ta faɗo. Malama Sadiqa ta rungume kular da ke cinyarta.

"Wai me ke ciki ne, 'yata?" in ji wani dattijo da ke gefenta. "Tun Kano yake ta hayaƙi."

"Ƙanƙara ce, Baba. Irin wadda ba ta zama ruwa, sai dai ta bi iska."

Ta yi masa bayani a gurguje. Kimiyya take koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Kazaure, kuma shugabar makarantar ta ce za ta rufe ajin, tunda yara sun guje shi. Yau kaɗai aka ba ta ta gwada sa'arta. Akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, taurarin da suka tarwatse ne ke watso su, in sun doki iskar sama ɓurɓushinsu ya zubo mana. Idan aka ɗora akwatin gilashi mai tururin sifirit irin na asibiti a kan ƙanƙarar nan, ana ganin sawunsu.

"Ikon Allah! Har a kaina suke zuba?"

"Har cikin jikinka suke ratsawa, Baba."

Ya dubi hayaƙin da ke ta fita. Ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe kular tsaf don kada zafi ya cinye ƙanƙarar, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Wata mata ta kwance zanen da ta ɗaure kayanta da shi ta ƙara a kai. Direba kuwa, da ake ta zagi, ya tsaya tsakiyar titi har ya tare mata mai babur.

"Je ki," in ji dattijon. "Rigar ta same ni a Roni. Ki ce Baba Kura."

Ko da ta isa, abin da ya saura bai fi sabulun wanki ba. Ta ɗora akwatin a kai, aka rufe tagogin ajin, ta haska tocila, 'yan mata suka yi cirko-cirko. Ba a ga komai ba. Hajiya Zaituna, shugabar makaranta, ta duba agogo.

Sai ga wani farin zare siriri ya gilma cikin akwatin, ya ɓace. Ga wani kuma!

"Wayyo! Malama, na gani!"

Aji ya kaure. Sadiqa ta jingina da bango, hawaye na zuba. Wallahi ba ta taɓa jin godiya irin ta yau ba, ga Allah, ga mutanen da ta baro a rana.

Hajiya Zaituna ta ture wata yarinya, ta durƙusa da ƙyar, hancinta a jikin gilashin. Ta daɗe a haka.

"Malama," ta ce, ba ta ko ɗago ba, "mako mai zuwa da motar makaranta za ki ɗauko ƙanƙarar."