Irin Boba Ba Ya Fita Sai da Amarya

A gidanmu irin za'afaran, furen nan da ake sa jan zarensa a abinci don ƙamshi da launi, ba ya fita sai da amarya. Ba a sayar da shi, ba a ba da aro. Ko maƙwabci ne ya zo yana kukan ɓeraye sun cinye nasa, sai dai a zuba masa shayin kahwa mai zafi a ba shi haƙuri. Idan 'ya za ta tafi gidan miji, a nan ne ake tono kawunan, a zaɓi masu ƙiba kamar ƙananan albasa, a ƙulle a jan ƙyalle a ɗora mata a cinya. Shi ya sa aurenmu duk a ƙarshen lokacin zafi ake yi, sa'ad da irin yake barci a ƙasa.

Mahaifiyarmu Zuni, wadda muke kira Boba, haka ta zo da nata, ita ma haka uwarta ta zo da shi. Baba ya yanka mata fegi a gefen gonarsa, a tudun da ke bayan garin Pampore, kuma har ya koma ga Allah bai isa ya cusa kai ɗaya na kasuwa a fegin nan ba. Ya taɓa gwadawa, kwana biyu yana cin shinkafa ba miya.

Ni Dilshada, babbarsu, na ga tudun nan yana kan ganiyarsa, kuma ba na son wanda bai gani ba ya ce min ina zuzutawa. Idan kaka ta yi, ka kwanta gona ƙasa ce tsura, ka tashi ta zama shunayya har inda ido ya tsaya. Makaranta da kanta take watsewa, don malamin ma yana gonarsu. Sai raɓa ta bushe mu shiga da kwanduna, a duƙe, ƙudan zuma na rigima da mu a kan kowane fure. Da yamma a shimfiɗa zane a tsakar ɗaki a juye furen, tsibi guda har ya fi ƙanena Fayaz tsawo, mu kewaye shi muna cire jajayen zaren nan uku-uku. Baba na zuba mana labarin yadda ya kori damisa da takalmi, Boba na cewa, "Bara kare ne, bana ya zama damisa, baɗi sai giwa." Yatsunta kuwa ba sa rabuwa da rawaya sai tsakiyar sanyi. Idan ta shafa kanka, kwana kake kana ƙamshi.

Sai kamfanonin siminti suka zo gindin duwatsun gabas. Da farko har murna aka yi, an ce aiki ya zo. Aiki kam ya zo, ya zo da ƙurarsa. Ka shanya farin kaya ka kwashe ruwan toka, ka shanya baƙi ka kwashe fari. Fure ya buɗe da safe, kafin hantsi ƙura ta cika masa baki. Ƙasa ta yi ɓawo, ruwan sama ma ya fara yi mana rowa. Nawa irin, wanda aka ɗora min a cinya ina kuka, a ƙauyen mijina na dasa shi, daidai ƙarƙashin bututun hayaƙi. Bai yi kaka huɗu ba ya ƙare.

Autarmu Gausiya ita ce ta yi karatu har ta wuce tunaninmu. Dakta ake ce mata, amma ba ta allura ba ce, ko ciwon kai ka kai mata sai ta ce ka je asibiti. A wani ɗakin bincike take aiki a birnin Srinagar. Abin da na fahimta shi ne, suna tatso jan launin da ke cikin zaren za'afaran su ɗiga a kan ƙwayoyin ciwon daji da suke kiwo a ɗan faranti, su ga ko za su mutu. Ta ce zaren fegin Boba ya fi duk wanda ta gwada ƙarfi. Ta ce kuma akwai yadda ake raya iri a cikin kwalba, kai ɗaya ya haifi masu yawa, babu ƙura babu ruɓa. Abin da ya rage kawai Boba ta ba ta kawunan. Matsalar ɗaya ce, Gausiya ta haura talatin ba ta yi aure ba, ba ta kuma da niyya.

"Boba, kwando ɗaya kacal," in ji ta, ranar da ta fara roƙo.

"Ina mijin?"

"Haba Boba."

"Na ce ina mijin? Kawo min shi ko mai tallan gawayi ne, ki kwashe fegin gaba ɗaya. Amma kwalba? Kwalba ce za ta zo gaishe ni ranar salla?"

"Irin nan mutuwa yake yi, Boba. Ke ma kin sani."

"To ya mutu a ɗakinsa da mutuncinsa."

Ni ba ni da haƙurin Gausiya. Na ce, "Wallahi Boba taurin kanki ya fi simintin nan. Za ki zuba ido abu ya lalace saboda al'adar da masu ita duk suna kabari?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da aka ba ki naki, ina yake?"

Maganar ta soke ni, na yi wata guda ban taka gidan ba. Haka aka yi ta yi, Gausiya na roƙo duk shekara, Boba na tambayar miji, fegi na ramewa. Kakar da ta wuce kafin abin da zan faɗa, furen da Boba ta tsinka gaba ɗaya a aljihun rigarta ta zubo shi. Ba ta kira kowa tsinka ba, ita kaɗai ta zauna ta cire zaren, ta juya mana baya.

Da zafi ya shigo sai abinci ya fara tsaya mata a maƙogwaro. Ta ɓoye mana, tana cewa shinkafar bana ce ba ta da kyau, sai da Fayaz ya ga tana jiƙa gurasa a shayi har ta narke sannan ta iya haɗiyewa. Aka kai ta asibiti, aka zura mata abin leƙawa, likita ya kira mu gefe. Ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Na tsaya a barandar asibitin ina zagin kamfani, ina zagin bututun hayaƙi, ina zagin duk wanda ya taɓa sayen buhun siminti. Gausiya, wadda ke ce min Didi, wato Yaya, ta ce, "Didi, ba mu da tabbacin shi ne ya jawo." Na ce ta rufe min baki da tabbacinta.

Labari ya zaga ƙauye, mata suka yi ta zuwa dubiya, kowacce da magana ɗaya: ai ke kin huta, 'yarki ce mai haɗa maganin. Wata rana da hantsi, bayan sun watse, Boba ta kira Gausiya ta zaunar da ita a gabanta.

"Wannan abin da kike ɗigawa a faranti, zai warkar da ni?"

Na ƙifta wa Gausiya ido, na ƙifta har idona ya yi zafi. Me zai ragu a jikinta idan ta ce in sha Allahu?

"A'a, Boba," in ji ta. "A faranti yake kashewa. Tsakanin faranti da jikin mutum tafiya ce mai nisa, ba mu ko kama hanya sosai ba."

"To wa zai warkar?"

"Wataƙila jikokin Didi. Wataƙila ba kowa. Ban sani ba."

Boba ta ƙura mata ido. Can ta ce, "Ko ƙarya ba ki iya ba. Shi ya sa kika rasa miji." Gausiya ta fashe da kuka, Boba ta jawo kanta ta ɗora a cinya, tana ce mata ta yi a hankali kada ta jiƙa mata riga.

Washegari ta ce wa Fayaz ya ɗauko fartanya, ni kuma in kira mata matan unguwa, in kwaɓa lalle. Na ce lallen me? Ta ce, "Biki za a yi. Ke dai yi abin da aka sa ki."

Aka ɗora ta a kujera a bakin fegi, Fayaz na tono tana duba kowane kai da hannunta. Abin tausayi. Kawunan da muka sani cike da tafin yaro sun koma kamar tafarnuwa, fiye da rabi sun ruɓe, kana matsawa su fashe. Masu kyaun ko rabin kwando ba su kai ba. Ta share musu ƙura da gefen mayafinta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a jan ƙyalle. Aka zaunar da Dakta Gausiya a tsakar gida da gilashinta, aka lulluɓe ta, aka sa mata lalle a ɗan yatsa. Tsofaffi suka jeru suka kama kafaɗun juna suka ɗauko waƙar rakiyar amarya, wata na tambaya ina angon, Boba ta ce, "Yana birni, gilashi ne, ba ya magana, ba ya duka. Ya fi naku." Aka yi dariya har da riƙe ciki, ni dai dariyar ba ta hana ni hawaye ba. Sannan ta ɗora ƙullin a cinyar Gausiya.

Ta ce kuma ba a kai amarya uwa ba ta ga ɗaki ba. Fayaz ya ɗauke mu a mota har Srinagar. A bakin ƙofar ɗakin binciken aka ba mu fararen riguna da ledar rufe takalmi, Boba ta ɗora tata a kan doguwar rigarta tana cewa an mai da ita mahauci. Ta bi kantocin da kallo, kwalabe jere a ƙarƙashin fitila, sanyi kamar an shiga randa. Ta shafa ɗaya daga cikin kantocin da yatsa ta duba. Babu ƙura. Ta gyaɗa kai.

Gausiya ta ɓare kai ɗaya, ta wanke shi a wani ruwa mai warin asibiti, ta ajiye a faranti. Sai ta ɗauko 'yar wuƙa.

"Me za ki yi da wannan?"

"Sai an yanka shi ƙanana, Boba. Kowane yanki shi zai tsiro."

"Ba ki gaya min ba."

"Na ji tsoro."

A gonarmu ko fartanya ta ƙwarzani kai ɗaya sai Boba ta yi salati. Na ga hannunta ya miƙa wajen ƙullin, na ce shi ke nan, yau amarya za ta koma gida. Ta riƙe shi ta daɗe. Sannan ta tura shi gaban Gausiya ta ce, "To yi bisimilla mana, kin tsaya kina kallona. Dilshada, fitar da ni, ba zan iya gani ba."

Lokacin sanyi ya riske ta a gadon asibiti, madara ma sai da cokali. Wata rana da azahar Gausiya ta shigo da abu a cikin rigarta, ta fito da kwalba. A ƙasanta akwai wani abu kamar daskararren kunu, a kansa 'yan tsiro kore sirara kamar allura, kowanne da ɗan farin kai a gindi. Boba ta sa aka tayar da ita zaune, ta ɗaga kwalbar wajen taga tana juya ta.

"Duk daga kai ɗaya?"

"Daga rabinsa ma."

"Ikon Allah. Yaushe za su yi fure?"

"Sai sun yi ƙwari a fitar da su ƙasa. Da sauran shekaru, Boba."

Duk mun san abin da shekaru ke nufi a ɗakin nan. Ni da bakina ba ya iya zama sai na ce, "In sun yi ƙwari fegin ki za mu mayar da su. Fayaz zai kankare ɓawon ƙasar, mu zuba taki, ko rumfa ce sai mu yi musu. Tudun nan zai sake yin shunayya, ki gani."

Boba ta sauke kwalbar ta dube ni, irin kallon da take min tun ina yarinya.

"Dilshada, kin yi furfura ba ki yi hankali ba. Wa ya taɓa mayar da 'ya gidan da ake shaƙe ta?" Ta juya ga Gausiya. "Akwai inda hayaƙin nan bai kai ba?"

"Akwai, can arewa, bayan duwatsu. Kwana guda ne a mota."

"Da nisa," in ji Boba. Ta goge gilashin da babban yatsa inda numfashinta ya dusashe shi. "To can za ki kai su. Ko sun yi shekara ba su yi fure ba, kada ki ji tausayi ki dawo da su. Kuma kada ki gaya musu inda suka fito, kada su yi kewa."

Ta miƙa wa Gausiya kwalbar da hannu biyu, ta ce a rufe mata ita da kyau, waje akwai sanyi.