Ƙeyar Baba

Doka ɗaya nake da ita a zane: ba na zana mutumin da ya san ina zana shi. Malamar da ta koya mana zane a kwaleji ce ta ɗora ni a kai. Ta ce da zarar mutum ya gyara zama ya ɗaga haɓa, shi ya tafi ke nan, rigarsa ce ta rage. Na riƙe maganar gam, har na fi mai ita riƙewa.

Littafin zanena ƙarami ne mai baƙin bango, kullum yana jakata. Da biro nake zane, don kada in samu damar gogewa. A cikin bas na zana wata mata tana gyangyaɗi rungume da jakarta. A makarantar da nake koyarwa na zana mai gadi yana fama da eriyar rediyo. A gida na zana Mama da makaman shanya a baki.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta taɓa ganin littafin ta yi shiru ba.

"Shekara huɗu ana kai ki karatu, abin da kika dawo da shi ke nan? Zanen dugadugan mutane?"

"Naki ma na zana, Gwaggo. Sai da biro ya ƙare kafin in gama kaushin."

Yaya kuwa 'yar leƙen asiri yake kirana. Ban taɓa ajiye littafin saboda bakin kowa ba.

Baba gyaran agogo yake yi. Shagonsa tsukuku ne, tebur ɗaya a gindin taga, bango cike da agogai, babu biyun da suka yarda da juna. In na tashi daga makaranta nakan biya in zauna a bencin da ke bayansa. Daga nan abin da nake gani shi ne ƙeyarsa: furfura, layi biyu a wuya, kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu tashi saboda riƙon ɗan hantsaki. Ita na yi ta zanawa.

Wata rana na manta littafin a kan benci. Da na dawo ɗauka na tarar yana buɗawa, madubin aikinsa maƙale a ido ɗaya.

"Malama, wannan ƙeyar ta wane ne?"

"Taka ce, Baba."

"Duka?"

"Duka."

"To ni Allah bai yi mini fuska ba ne?"

Na yi dariya, na ɗauka magana ta wuce.

Ranar Asabar ya aika a kira ni. Na same shi a ƙofar shago, a kan kujera, cikin farar rigarsa ta fita, ta sha guga har tana ƙara. Ya yi aski, ya fesa turare, kamar turare zai fito a takarda. A jingine da ƙafar kujerar akwai sabon firam da gilashinsa.

"Ga ni," ya ce. "A saman babban agogon can za a rataye. Duk wanda ya shigo in ce 'yata ce ta yi."

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya bar kekensa ya fito kallo, yana murmushi. Murmushin nan ya sosa ni. Na ga kamar an mai da ni mai hoton bakin titi.

"Baba, ni ba na zanen a-zauna-a-gyara. In hoto kake so, ga mai hoto can bayan kantin magani."

"Mai hoton 'yata ce?"

"Ka bari zan kama fuskarka wata rana ba ka sani ba. Ita ce ta gaskiya."

Tela ya ce, "Ka ji boko, maigida."

Baba ya ɗan ƙara zama, hannuwansa a kan gwiwa, kamar mai jiran in sake shawara. Ni kuwa na duƙufa ina zana takalmin tela da ya tuɓe a bakin ƙofa. Daga baya ya tashi, ya tura firam ɗin bayan kabad, ya maƙala madubinsa, ya koma aiki cikin farar rigar.

Na yi niyyar cika alkawari. Sai dai fuskar mai gyaran agogo kullum a ƙasa take. In kuwa ya ɗago ya gan ni da biro, sai ya ɗaga haɓa da gangan, ya ce, "Haka ya yi, Malama?" Ni kuma in rufe littafi. Wata tara muna wannan. Kowa na jiran ɗaya ya gaji, kuma a wurinsa na gado taurin kan.

Wata safiya yana ɗaura agogon hannunsa sai jikinsa ya zame daga bakin gado. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun hagu ya mutu, baki ya karkace, ido ɗaya ya saki.

Gwaggo ta ce 'yar boko ba za ta jure jinya ba, mako biyu ta ba ni. Na koyi juya shi ba tare da na ja masa kafaɗa ba. Na koyi ba shi abinci ta gefen dama, in goge abin da ya zubo kafin ya ji. Kafin in tafi makaranta in murza masa hannu, in na dawo in sake. Mama na kuka a kicin, ni ban yi a gaban kowa ba. Har yau ina jinyarsa, an shiga wata na bakwai, Gwaggo ta daina ƙirga makonni.

Da muka je kwashe kayan shago ni da Yaya, na ja kabad, firam ɗin ya faɗo. Gilashin ya yi ƙura, ciki babu komai.

Na kawo shi gida na wanke. Na goge farar rigar. Na shiga ɗakin Baba da yamma, yana kishingiɗe a jikin matashi.

"Baba, yau zan zana ka. Ka zauna yadda kake so, ka ɗaga haɓa har rufi."

Ya dubi rigar, ya dubi firam. Magana tana yi masa nauyi yanzu, ɗaya-ɗaya take fita.

"Wace fuskar?"

"Taka mana."

"Wadda na kawo miki ta tafi, Malama."

"Baba, ka yi haƙuri."

Da hannunsa mai lafiya ya dafa katifa, ya juya a hankali ya fuskanci bango.

"Zana ƙeyar. Ita kika iya."

Babu faɗa a muryarsa. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna na zana, shi kuma ya san ina zana shi. Dokar da na hana shi fuska saboda ita, ranar na karya ta a kan ƙeya.

Akwai hotunansa a wayar Yaya, na gwada kwafa, kowanne ya fito kamar wani baƙo mai kama da shi. Na gwada zana ta ranar Asabar ɗin daga ka. Ina tuna karin gugar rigar, ina tuna hannuwansa a kan gwiwa. In na zo wuya sai biro ya tsaya. Ban dubi fuskarsa ba ranar. Takalmin tela yana nan a shafi na talatin da ɗaya, har da ɗinkin da ya warware a gefe.

Jiya Mama ta ga firam ɗin a kan teburina.

"Ki sa wani abu a ciki mana, ko ki ba ni in sa kalanda."

Na ce ta bar shi tukuna.