Ganyen Miyok da Ba A Lanƙwasawa

Shekara talatin Tak Byong-ho ya yi yana haɗa auren da ido ba ya gani. Aikinsa ke nan a gidan renon irin miyok, ganyen tekun da rabin tsibirin Wando ke ci da shi. Cikin Mayu yakan yanko gindin ganyen da ya ƙosa, ya shanya a inuwa, ya tsoma a ruwan sanyi. Ƙwayoyin iri su fito su manne a zare, su zama maza da mata, ƙanana ƙwarai, sai da madubin ƙara girma. Lokacin zafi ya rage musu haske su yi barci. Da kaka ya ƙara hasken, su sadu, a kai zaren teku. Shi ya sa duk inda aka zauna yakan ce babu wani asiri a haihuwa, haske ne da ma'aunin zafi.

Sai ga 'yarsa Un-shil ta shiga watan haihuwa a birnin Gwangju.

Matarsa Sun-rye ta sayo miyok ɗin da mai jego za ta sha miyarsa. Ba na mijinta ba. Na jikin dutse ta saya, wanda tsofaffin mata ke yankowa a bakin igiyar ruwa, busasshe, tsayinsa ya kai kafaɗar Tak.

"Nawa ganyen fa?" in ji shi. "Me ya yi?"

"Naka na 'yan birni ne, Baban Un-shil. Wannan kuwa don jikan da muke jira ne."

Ita ta riga shi tafiya. Ta bar masa umarni guda: ya taho da ganyen ranar Talata, kada ya lanƙwasa, kada ya karye. Kowa ya san in aka karya ganyen mai ciki, haihuwa takan zo da gardama.

"Ni da na yi jami'a a kan ganyen nan?"

"To ka riƙe shi da hannun jami'ar."

Ranar Talata direban bas ya nuna masa wurin kaya, inda aka jibga akwatunan kifi. Tak ya ce a'a. Ba don ya yarda da zancen ba, in ji shi, don dai a zauna lafiya a gida. Ya zauna a kujerar gefe ya tsayar da ganyen tsakanin ƙafafunsa kamar tuta.

"Jikan fari ne?" wata tsohuwa ta tambaya daga baya.

"Na fari ne, Inna."

"To ɗaga shi, yana gogar kujera. Kai wane irin kaka ne?"

Kafin su haye gada, bas ɗin duka ya shiga aikin. Wani ya sauya masa kujera. Wata ta tallafe saman da gyalenta. An ja wa direba kunne a kan ramuka.

Ƙarfe goma saƙo ya shigo daga Sun-rye: naƙuda ta tashi, an shiga da ita. Tak ya karanta sau uku. Ya lura hannunsa na dama ya yi gumi, ya koma riƙewa da na hagu don kada ganyen ya jiƙe.

Suna shiga Gwangju wani mai babur ya gitta. Direba ya taka birki. Aka ji ƙas.

Kamar taƙi guda ne ya ɓalle daga sama, ya faɗa cinyar tsohuwar. Tak ya duba agogo, don ya saba rubuta lokacin da abu ya lalace a tankin renon iri: sha ɗaya da minti ashirin.

"Wayyo yarinya," in ji tsohuwar a hankali.

"Camfi ne," in ji Tak.

Daga tasha ba tasin da ganyen zai shiga a miƙe, sai ya tafi da ƙafa, rabi gudu, guntun a aljihun rigarsa. A asibitin ya tarar da Sun-rye a baranda tana share ido. Ya tsaya cak.

"Mace ce," ta ce. "Lafiya lau, su duka. Hancinka ne, abin tausayi."

Bai tambayi nauyinta ba. Ya tare wata nas da ke wucewa.

"'Yata, ƙarfe nawa aka haife ta? Da mintinsa nake so."

Ta duba takarda. "Sha ɗaya da minti biyar."

Ya zauna a benci ya sauke numfashi. Sannan ne Sun-rye ta ga kan ganyen.

"Me ya sami wannan?"

"Bayan haihuwa ne. Da minti goma sha biyar. Ina da shaidu, bas guda."

Ta dube shi, ta dubi ganyen. Ta karɓe shi, ta ɗora a gwiwa, ta karya shi gida huɗu, ta cusa a jaka.

"Tashi ka wanke hannu," ta ce. "Kana warin kifi, ba za ka taɓa min ita haka ba."