Jinin Gudiya Aka Ɗiba

A gidan suna na ji, a Alelu, a bakin Murjanatu mai ƙosai. Ni da na shayar da yarinya, sai a bakin mai ƙosai nake jin labarinta.

Ana rabon tuwo a tsakar gida na ga mata sun kewaye ƙanwata Gudiya. Ta naɗe hannun riga tana nuna musu wani ɗan farin filasta a gwiwar hannunta, tana wani ɗaga kai. Murjanatu, maƙwabciyarta a Jega, ta matso ta ce mini ai Iklima ce, ɗiyar Gudiya da ke babban karatu a Aliero, ta zo har Jega ta ɗibi jinin uwarta da hannunta. Wai bincike take yi a kan abin da ke sa nono ya kawo wa mace.

Na ture kwanon tuwon gefe. Wane nono Gudiya ta sani?

Da aka haifi Iklima, ungozoma ta tatsi nonon Gudiya a ludayi ta jefa tururuwa ciki. Tururuwa ba ta fito ba. Aka ce nonon ba shi da kyau, kada a ba jinjira. Lokacin ina Karaye ina goyon ɗana Arzika, sai aka kawo mini ita a naɗe cikin zane. Shi a dama, ita a hagu. Na rame har zane ba ya zama a ƙuguna, na sha kunun kanwa har yau ko warinsa ba na so. Da na shafa ɗaci na yaye ta, Gudiya ta zo da sabuwar riga da 'yan kunne ta ɗauke abinta. Tun daga nan kowa ɗiyar Gudiya yake cewa. Na haƙura, don 'yar'uwa ce. Amma a ce ana binciken nono a tsallake ni, wannan ban iya haɗiye shi ba.

Washegari na shiga motar albasa na sauka Aliero. Na yi ta tambaya har aka kai ni wani dogon gini mai warin asibiti. Iklima ta fito da farar riga, ta durƙusa tana tambayata ko lafiya. Ban amsa gaisuwar ba.

"Nonon wa kika sha?"

"Naki, Inna."

Ko ɗar ba ta yi ba. Ashe ta sani. Da ta ce ba ta sani ba, da na yi mata uzuri.

Ta zaunar da ni a benci ta shiga yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa kurma. Wai akwai wani sinadari a jini, furolaktin suke ce masa, shi ke aika wa nono ya kawo. Kuma a jinin nan akwai sojojin jiki masu farautar ciwon daji tun yana ƙarami. Sinadarin yana taɓa sojojin, wani lokaci ya zaburar da su, wani lokaci kuma ciwon ne ke ƙaruwa da shi. Ita tana so ta gane yaushe yake taimako, yaushe yake ɓarna. Na ce mata in dai abin da ke kawo nono ne, nan yankin babu wadda ta fi ni shi, mutum biyu na ciyar da jikina. Na naɗe hannun rigata na miƙa mata.

"Ɗibi."

Ta riƙe hannun, ba ta ɗauko allura ba. Ta ce a yanzu jinin masu ciwo take ɗiba. Na ce wane ciwo. Ta sunkuyar da kai ta ce Ummanta na da ciwon daji a nono, tun damina ake magani, kuma ta sa ta yi rantsuwa ba za ta faɗa mini ba.

Na yi kuka, amma sai a mota. Abin da ya fara zuwa raina shi ne su biyu suna da magana tsakaninsu tun damina, suna tafiya asibiti tare, suna komowa tare, ni ina Karaye ina tsinkar yakuwa ana aiko mini da sabulu.

Da la'asar na sauka gidan Gudiya a unguwar Jega Magaji, da ƙullin kayana. Gudiya na kwance a tabarma. A Alelu hannunta kawai na kalla, sai yanzu na ga fuskar ta zabge, kallabi ya yi mata yawa a kai. Na tsaya a kanta na faɗi duk abin da ke cikina. Na ce ni ba baƙuwa ba ce, uwa ɗaya ta haife mu. Na ce an karɓe yarinya ban yi magana ba, an shafe sunana ban yi magana ba, yanzu har ciwo ake yi mini rowa. Ta bari na gama.

"Yaya, tun tana ƙarama in ta faɗi ke take kira, ko ina tsaye a gabanta. Sai da wanga ciwo ya zo ta fara zama kusa da ni tana riƙe mini hannu. In kin sani, a cinyarki za ta je ta yi kukan. Ki bar mini wanga kaɗai."

Ta ce ita gani take nonon da aka hana ta bayarwa ne ya kwanta ya zama haka, ko da yake Iklima ta sha faɗa mata babu mai iya cewa shi ne dalili. Na ce ni ban zo ƙwace komai ba. Abu ɗaya nake so, ta faɗa da bakinta gaban mata wa ya shayar da yarinyar. Ta juya mini baya ta ce to.

Ganina da ƙullin kaya ya sa unguwa ta gane ba lafiya ba. Da safe mata suka cika ɗakin, har Murjanatu. Gudiya ta tashi zaune ta faɗa musu ciwonta. Sannan ta nuna ni da haɓa.

"Iklima kuma, Yaya ta shayar da ita har yaye. Ni ko sau ɗaya ba a bari na sa ta a ƙirjina ba."

Na gyara zama ina jira. Wata tsohuwa ta ce Allah sarki, uwa da ɗiyarta a hana ta. Suka rufu a kan Gudiya, mai shafa bayanta, mai share mata hawaye. Murjanatu ce kaɗai ta waiwayo ni, ita ma cewa ta yi in ɗan matsa ta samu wurin zama.

Ana haka Iklima ta shigo da ledar magani. Ta gaishe ni a tsaye, ta ratsa mata ta je ta zauna jikin uwarta. Wata ta miƙo mini ƙwarya ta ce tunda ni ce babba kuma ƙafata lafiya, in dama wa mara lafiya fura.

Na dama. Na sa nono da yawa yadda take so. Ina nan gidan har yau ina jinya, kuma na faɗa wa Gudiya wannan faɗar da ta yi ba ta shiga lissafi ba. In ta warke sai ta sake faɗa, ranar da babu mai kuka.