Tabarma Mai Huji

Shekara shida Kamaruddeen yana digirin digirgir a lissafi, kan tambaya ɗaya tak. Ka zana murabba'i, ka raba shi gida tara, ka cire na tsakiya, ka yi ta maimaita haka a kowane gida ba iyaka. Abin da zai rage tabarma ce duk huji: ta fi zare, ba ta kai shimfiɗa ba. Irin wannan siffa kan fito a can iyakar wasu rukunan lissafi masu bazuwa. To, in aka yi ta matse ta ana lanƙwasawa ba tare da an yaga ba, ina girmanta zai tsaya? Ba wanda ya sani. Shi dai yana ganin ya gano bakin zaren, a shafi arba'in da ya rubuta da alƙalamin tawada, don kwamfutarsa ta mutu tun bara.

Jami'a ta ce ƙarshen wata ya kawo aikin, ko a sallame shi. Sai ga kira daga ƙauyensu kusa da Bagwai: Baba ya kwanta da tari, ga gero ya isa yanka. Ya taho da takardun a leda.

Kwana uku yana gona. Ran na huɗu da la'asar ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Tahira, tana tace wani ruwa shuɗi. Ga dagwalon takarda a ƙwarya.

"Kai dai akwai zurfin ciki!" in ji ta. "Ashe hatimi kake rubutawa, gida cikin gida, ubanka na kwance ka yi shiru? Na jiƙa su duka. Tun shekaranjiya yake sha."

Innalillahi! Ya tsuguna ya dama ƙwaryar da yatsa, ko harafi ɗaya babu. Ya laluba kansa neman dabarar shafi na talatin, wadda ta ci masa shekara biyu. Wayam. Ga shi ba wanda zai yi wa faɗa.

Ya shiga ɗaki. Tarin Baba na nan yadda yake, sai ma ƙarin rama.

"Allah ya yi maka albarka," in ji tsohon. "Da ina cewa bokon nan bai tsinana maka komai ba. Ka rubuto wani, wannan ya ƙare."

"To, Baba."

Tsohon ya ɗaga kofin shuɗin ruwan da ya rage, yana neman zubewa. Kamaruddeen ya tallafe masa, har ya shanye.