Birkin da Ya Sha Man Gyaɗa

Ni na fara ganin irin keken nan a duk faɗin Gombe, wanda ya ga dama ya yarda. Ina tsaye a bakin kasuwa aka sauke shi daga motar 'yan gwanjo, an danne shi da tsofaffin firji da katifu. Tayoyi jibga-jibga kamar na babur, giya a jere a baya kamar an tsira tsire. 'Yan dako suka kewaye shi suna gardama, wai babur ne aka cire wa inji. Na ce, "Ku matsa, jahilai, keken hawan dutse ne." Wallahi ban san inda na samo sunan ba, amma ga shi har yau haka ake kiransa, ba wanda ya taɓa yi mini godiya.

Sunana Abba Gana, wankin hula nake yi a Kasuwar Gombe. Ban taɓa shiga aji ba, makarantar allon ma malamin ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar itace. Amma a kan keke babu malamin da zai koya mini komai. Shekarar da aka tarwatsa mu daga Bama a kan keke na fito, tsohuwata, uwar 'ya'yana, a baya, tukunya da akwatin gyarana a gaba. Taya ta fashe a daji na cusa mata ciyawa muka ci gaba. Keken nan ya rako ni har unguwar Malam Inna a nan Gombe, ya mutu da mutuncinsa. Tsufa ne ya kashe shi.

Bayan mutuwarsa gwiwoyina suka fara yi mini rashin kunya. 'Ya'yana maza suka yi taro suka yanke cewa in bar kasuwa, in zauna a kan tabarma ana kawo mini kunu kamar mai jego. Autata Yagana, wadda take aikin jinya, ita ce ta tsaya mini. Ta je wurin 'yan gwanjon ta sayo mini keken hawan dutse, saboda giyarsa za ta rage mini wahalar tudu. Sai dai ta kafa sharaɗi a gaban yayyenta.

"Baba, ka faɗi sau ɗaya, na ɗauke shi. Kasuwa kuma ta ƙare."

"Ni? In faɗi daga keke? Yarinya, ina kan keke aka yi mini albishir ɗin haihuwarki."

"Na dai faɗa maka. Kuma in wani abu ya same shi ka kai wa Friday, kada ka taɓa."

Friday wani Batangale ne mai gyaran kekuna a bayan kasuwa, wanda na girmi ubansa. Na ce to, don a zauna lafiya. Tana fita na jawo akwatin kayan gyarana daga ƙarƙashin gado.

Na riƙe keken nan riƙon da ba a taɓa yi wa wani keke ba. Duk Juma'a sai na kai shi wurin wankin mota, in sa a feshe shi da tiyon nan mai ƙarfi, lungu da saƙo, har sai ya yi walƙiya. Taya kuwa ina ba ta iska sai ta yi tauri kamar dutsen niƙa, domin namiji ba ya hawa taya mai laushi. Kaca na shayar da ita baƙin mai daga garejin makwabta, tana ɗiga. Duk wani noti da na gani na ɗaure shi da sufana har sai na ji ya yi ƙara. Da na ga gaban keken yana lotsawa in na hau rami, na ce lallai an sayar wa Yagana mai ciwo, har na yi magana da mai walda ya liƙe shi. Allah ya sa ranar babu wuta, don ashe haka aka ƙera shi ya riƙa shanye rami.

Ja'afaru, Bafillacen da yake sayar da igiya kusa da rumfata, kullum sai ya tanka.

"Babarbare, wannan keken naka ya fi ka cin mai. Ka aura masa mata mana."

"Kai da saniya kaɗai ka iya hawa, me ka sani? Yi shiru, ubangidanka yana aiki."

Sai birki ya fara kuka. Irin keken nan birkinsa wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya. In na matsa sai ya yi ƙiiii, duk layin masu hula su juyo. Ja'afaru ya ce ai ba sai na sayi ƙararrawa ba, tun daga unguwar Nasarawo ake sanin na taho. Abin ya ci mini rai. A sanina kuma, duk ƙarfen da ya yi kuka ƙishi yake ji. Baƙin mai ya ƙare, sai na shiga madafa na ɗebo man gyaɗan tsohuwata, mai kyau, na tuya. Na shafe faifan gaba, na ce kada na baya ya ji haushi, shi ma na shafe shi. Na juya taya, na matsa birki. Tsit. Na zauna ina kallon hannuwana ina mamakin baiwar da Allah ya zuba musu.

Da safe na ɗaure hulunan mutane a baya, wankakku, an sa musu sitaci, kowace a kan itacenta. Na hau. Akwai wani gangare a hanyarmu da yake sauka wajen kwari, kullum a hankali nake bin sa. Na matsa birki. Hannun ya shige har ƙarshe, lafiya lau, babu ko ƙara. Keken kuwa ya ƙara gudu.

Na sake matsawa da hannu biyu. Kamar ina matsa wa iska.

Jama'a, na ga gudu a rayuwata, amma ban taɓa wuce ɗan acaɓa ba sai ranar. Ya juyo yana kallona, na ce masa, "Hanya!" Tayoyin nan da na cika da iska ba sa kama ƙasa, tsalle kawai suke a kan tsakuwa, haƙorana da suka rage suna gaisawa da juna. Igiyar baya ta kwance, huluna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, wata zanna ma ta gangaro ta wuce ni. Na sauke ƙafafu ina jan ƙasa, takalmi ɗaya ya yi sallama da ni. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga banɗaki.

A ƙasan gangaren ana ginin wani gida, tifa ta juye yashi a bakin hanya. A dama kwari, a hagu mai tuyar awara da kaskonta. Na zaɓi yashi. Tayar gaba ta nutse, keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Na tashi sama, na ga rufin gidajen unguwa, na sauko a zaune a kan tulin yashin, hulata tana kaina. Magina suka saki cebur suna salati. Na gyara zama na ce musu, "Sannunku da aiki."

Na tattara hulunan da na samu, na tura keken har wurin Friday, ƙafa ɗaya ba takalmi. Niyyata ya gyara a rufe maganar. Ya durƙusa ya shinshina faifan, ya ɗago.

"Baba, ƙosai kake soyawa a nan?"

"Kuka yake yi, na ba shi magani."

"Birki ba ya shan mai, Baba! Kukan nan ƙura ce, da ka goge da tsumma mai tsabta shi ke nan. Yanzu 'yan abubuwan da suke cizon faifan sun jiƙe, sai dai sababbi." Ya juya taya, ta yi gurnani. "Wa ya sa wa boris ɗin taya ruwa? Duk giris ya wanke, tsatsa ce a ciki."

"Tsabta ce."

"Wannan kacar kuma? Yashin Gombe gaba ɗaya yana nan, ya haɗu da baƙin mai yana cin haƙoran giya. Ɗigo kaɗan ake sawa a goge." Ya taɓa wani noti, kan ya gutsure a hannunsa. Ya dube ni. "Baba, keken nan ya zage ka ne?"

Ana haka Keke Napep ta tsaya, Yagana ta fito da farin kayan aikinta, Ja'afaru yana biye da ita yana riƙe da takalmina. Ashe wani magini ya ɗauke ni a waya, kafin in iso kasuwa hoton ya riga ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta zaunar da ni a benci, ta lanƙwasa gwiwoyina, ta duba idona, ta karkaɗe yashin da ke kunnena.

"Friday, in ka gama a kai shi gidana."

Nan na ji abin da ban ji a gangaren ba. Na hango tabarma da kofin kunu, da rumfata an ba wani.

"Auta," na ce, "ki dubi girman Allah. In na zauna a gida wata ɗaya, sai dai ku zo ku ɗauke ni."

"Mun yi sharaɗi, Baba."

Friday ya goge hannu ya ce, "Anti, in faɗi gaskiya? Na ga hoton nan. Ba birki, ga kwari, ga mai awara, tsohon nan ya kai keken inda ya kamata. Da ni ne, da na bar kafaɗata a wurin. In yana sama ba shi da matsala. Sai ya sauko ya ɗauki sufana."

Ja'afaru ya ce, "A yanke hannun kawai, a bar masa ƙafafun."

Yagana ta ƙare mini kallo. Can ta ce, "To zaɓi ɗaya. Ko keken, ko akwatin gyaran."

Akwatin nan tun ina saurayi nake tara abin da ke cikinsa. Na yi tunani, na yi tunani, har Friday ya kawo mini ruwa. Na ce a bar mini keken. Da la'asar ta zo gida ta ɗauki akwatin, har da famfon ba taya iska, ta kuma gaya wa uwarta ta riƙa kulle madafa. Don a gama wulaƙanta ni, Ja'afaru ta ba ajiyar akwatin. Yanzu a kansa yake zama yana sayar da igiya, in na wuce ya bubbuga shi ya ce, "Injiniya, a kawo mai ne?"

Keken yana nan, Friday ne kaɗai yake taɓa shi, ni aikina in goge da tsumma kamar sabuwar amarya. Kullum ina kasuwa kafin a buɗe rumfuna.

Ana ta yawo da hoton ana dariya, na sani. To duk mai dariyar, ko mai cewa tsohon nan sa'a ce kawai ya yi, ya zo Malam Inna da kekensa ya tambayi gidan Abba Gana. Zan roƙi tsohuwata ta buɗe madafa, in shafa masa da hannuna, gaba da baya. Mu hau kan gangaren in tura shi. In ya sauka a zaune, hularsa tana kansa, har ya iya gaida magina, na yarda ya kira ni maƙaryaci a tsakiyar kasuwa.